Garin Gizo Mai Gida Uku

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

"Ke Lantana, naɗe ƙafarki. Kai Barau, na sake jin tsaki sai ka tashi. Yauwa."

A wani gari na dabbobi, da zarar an yaye yaro, ubansa yakan share ƙasa a tsakar gida, ya ɗauki kara ya zana masa garin. Shi ne ku 'yan makaranta kuke ce wa taswira. Ya nuna masa gabas inda rana take fitowa, ya nuna rijiya da kasuwa, ya ce ga gidan wane, ga kuma abin da ake zuwa nema wurinsa.

To, Gizo yana da 'ya tilo, sunanta Kyallu. Matarsa Ƙoƙi ta yi ta fama da shi ya koya wa yarinya gari. Ran nan ya ɗauki kara, ya zana gidan Akuya mai ƙosai, ya zana na Zabuwa mai fura, ya zana na Dila mai tsire. Sai ya yar da kara.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ina sauran? Ina gidan Kunkuru maɗori, mai gyaran karaya?"

Gizo ya ce, "Wanda ya kira ni ɓarawon gwanda a gaban jama'a? Ba ya cikin garina. Sauran kuwa ko ruwa ba sa ba baƙo, me za a cika wa yarinya kai da su?"

Ya koya wa Kyallu magana guda: duk gidan da ta shiga ta durƙusa ta ce, "Wai in ji Baba a ba shi ɗanɗane." Yarinya ta haddace tsaf.

Ana nan Ƙoƙi ta tafi biki ƙauye. Gizo ya hango gwanda ta nuna a bayan dangar mutane, ya ɗare. Kun san gwanda ba ta da ƙwari. Sai ji ka yi tim! Ƙafa ta karye ɓaras. Da jan ciki ya iso gida.

"Kyallu, 'yar Baba, ruga ki kira maɗori! Amma kada ki faɗa wa kowa abin da ya same ni."

Kyallu ta duba zanen ƙasa, ta duba, ta ce, "Baba, wanne ne gidansa a nan?"

"Wayyo ƙafata! Ke dai je ki!"

Ta fita. Ƙafarta hanya uku kawai ta sani. Ta je gidan Akuya, ta durƙusa, ta faɗi abin da aka koya mata. Akuya ta ƙunsa mata ƙosai. Gizo ya karɓa yana kuka yana taunawa.

"Ba ƙosai na ce ba, maɗori na ce! Koma!"

Ta je gidan Zabuwa, ta dawo da ƙwaryar fura. Gizo ya shanye, ya ce, "Ta yi tsami. Koma!" Ga ƙafa kuma sai kumbura take yi.

Ta nufi gidan Dila. Ta durƙusa za ta yi magana, sai kuka ya ƙwace mata.

Dila ya ajiye wuƙa ya ce, "Subahanallahi! 'Yar gidan Gizo, wa ya taɓa ki?"

"Kawu, ƙafar Baba ta karye, kuma ban san gidan maɗori ba."

"Ubanki bai nuna miki ba? Allah ya shirye shi. Matso nan."

Ya ɗauki tsinken tsire ya zana mata a ƙasa. "Nan muke. Ki bar rana a bayanki har ki kai rijiya. Ki bi hannun da kike cin tuwo da shi, ki wuce marina. Inda kika ga tsamiya, gidan ke nan. In kin rikice, kowace ƙofa ki yi sallama, duk mutanenki ne."

Ta bi. A rijiya Kwaɗo ya nuna mata lungu. A marina Hankaka ya raka ta har gindin tsamiya. Kunkuru da ya ji, bai tsaya tuna faɗa ba, ya ɗauki karan ɗori ya biyo ta. Amma tafiyar Kunkuru kun san ta. Sai da rana ta faɗi suka iso.

Kunkuru ya kama ƙafa ya ce, "Gwandar wa ka hau?"

Gizo ya ce, "Ta Allah ce."

Kunkuru ya ja ƙafa, Gizo ya kurma ihu har ƙauyen biki aka ji. An ɗaura, ta warke, amma an makara, ba ta miƙe ba. Shi ya sa har yau kuke ganin ƙafar Gizo a lanƙwashe.

"Iya, Kyallu fa? An doke ta?"

"Wa zai doke ta? Laifin uban ne. Ku buɗe kunne: yaro ya san garinsu duka, gidan da ake ba shi da gidan da ba a ba shi. Wanda uba ya ɓoye wa ɗansa saboda fushi, ranar wuya shi za a nema. Gobe da safe kowa ya zana mini hanyar asibiti daga ƙofar gidan nan, kafin ya ga koko. Har kai Barau. Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan, kowa ya nufi tabarmarsa."