Tsanin Rumbun Tungar Rimaye

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku, kuma ba za ta tashi ba sai kun yi mata shari'a. Mai waya ya kife ta, mai gyangyaɗi a zungure shi, don a ƙarshe kowa sai ya faɗi nasa.

A bakin wani kogi akwai gari, Tungar Rimaye. Mutanensa suna da al'ada tun kakanni: in an yi girbi, kowane gida ya kawo damin gero a zuba a rumbun gari, wani ƙaton rumbun ƙasa da ba shi da ƙofa sai ta sama. Ba a buɗe shi sai damina ta yi tsakiya, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Tsani guda ne ke kai mutum bakinsa, kuma a gidan mutum guda yake kwana. Shi ake kira mai tsani. In ya ce a hau, a hau. In ya ce a'a, ko Maigari sai dai ya tsaya a ƙasa yana kallon jinka.

A garin akwai Inna Tabawa mai daddawa, wadda bakinta ya fi daddawarta ƙarfi. 'Ya'yanta uku. Babbansu Nomau, manomi, shi ne mai tsani. Sai Lantana, mai karɓar haihuwa. Sai autansu Cindo, mai yatsa shida, wanda tun yana ƙarami in an aike shi sayen manja sai a tsince shi a gindin rimi ya ɗaga kai sama, kwalba a hannu, babu ko ɗigo.

Cindo ya girma, kansa ya ja, har aka ba shi gurbi a ƙasar waje ya koyo ilimin sararin samaniya, yadda ake ƙera tauraron ɗan'adam a harba shi. Karatun kyauta ne, amma hanya da guzuri sai daga gida, gidan kuwa daddawa ce jarinsa. A lokacin an jera damina mai albarka, kowane gida a ƙoshe. Nomau ya tsaya gaban dattawa ya ce bana babu mai buƙatar rumbun gari, a sayar a tura yaro. Wasu suka ce zai dawo musu da famfo, wasu suka ce asibiti. Aka yarda. Nomau da hannunsa ya jingina tsani, aka kwashe gero tas aka loda a mota. Da motar ta tashi, Lantana ce ta rangaɗa guɗa har tsuntsayen rimi suka watse.

Damina ta gaba ruwa ya yi gardama. Aka shuka ya ƙone, aka sake shuka ya ƙone. Hatsin gidaje ya ƙare, mutane suka zo gindin rumbu bisa sabo, suka tuna, suka juya. Manya suka lallaɓa da tafasa da dusa. Yara ba su iya ba. Cikin waɗanda aka kai makwanci har da Ladiyo, 'yar Lantana, da ba a daɗe da yaye ta ba.

Nomau ya ɗauki tsani ya kwantar a ƙofar Maigari, ya juya gida. Babu wanda ya ɗauka, har gara ta cinye shi. Babu gidan da ya sake kawo dami. Rumbu ya zama na jemagu.

Labari ya iske Cindo a can. Ya gama karatu, ya dawo ƙasa, ya sami aiki a birni, a ofishin da ake duba hotunan da tauraro ke aikowa daga sama, amma ƙafarsa ba ta sake taka Tunga ba. In an tambaye shi garinsu, sai ya faɗi sunan ƙaramar hukuma. In an kawo fura a ofis, sai ya ce ba ta karɓarsa. Abin da ya fi ci masa rai, garin na gabansa kullum. Yakan jawo hoton ya faɗaɗa, ga rufin ɗakin Inna, ga rimaye, ga rumbu ɗan zagaye kamar maɓallin riga. Sai ya yi maza ya ture hoton gefe, kamar garin ma yana iya ganinsa.

Shekaru suka ja. Wata damina, gero ya yi kai, saura kaɗan a sa lauje, Cindo ya duba hoto ya ga masifa tafe. Can sama da su, ta inda ruwa ke gangarowa, kogi ya cinye gaɓarsa, ruwa ya shimfiɗu kamar tabarma, kuma hanyarsa ta Tunga ce. Ofis ya ba da sanarwa a rediyo. Amma Cindo ya san mutanensa, irin wannan sanarwar kowace shekara suna jin ta suna shan kunu. Ya nemo lambar Nomau ya buga. Ya ji murya ta ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" Ya yi maza ya kashe waya.

Sai ya shiga mota, daga mota ya hau babur, ya kifa hular kwano ya ƙi cirewa har tsakiyar gari. Yana tsammanin ya ɓoye. Inna Tabawa na zaune gaban tirenta, ko kai ba ta ɗaga sosai ba.

"Cire kwanon nan, Cindo. Wa kake ɓoye wa? Yatsan nan ni na haife shi."

Ya cire, ya durƙusa. "Inna, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya mutanen sama? Sun ƙoshi?"

A ƙofar Maigari ya buɗe hotunan, yana magana idonsa a ƙasa. Ya ce ruwa na tafe, kowa ya koma kan tudu tun ana ganin hanya. Wani tsohon masunci, Baba Jatau, ya leƙa hoton ya gyara hula.

"Ɗana, wannan abin da ke shawagi a sama, da dukiyar ƙasa aka harba shi?"

"Eh, Baba."

"To ɗakin shan maganinmu, akuya ce ke haihuwa a ciki, ba rufi ba ƙofa. Abin naka yana hango shi daga can?"

"Yana hangowa."

"Da ya hango, sai ya yi me?"

Daga bayan taro wani ya ɗaga murya: "Wancan karon rumbu ya kwashe, yanzu mu ya zo kwashewa!" Aka fashe da dariya. Gumi ya jiƙe wa Cindo riga. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige ya ja ta a kansa. Amma bai tafi ba. Ya tsaya a wurin yana maimaita magana ɗaya, ana yi masa dariya yana maimaitawa. Wannan shi ne aikin Cindo: ya gani tun daga nesa, ya kuma ɗauko fuskarsa ya kawo inda ya fi tsoro a duniya.

Sai dai gani daban, tashi daban. Wa zai bar geron da ya kusa nuna saboda maganar wanda ya ci rumbu? Nomau yana gefe tun da aka fara. Rabonsa da buɗe baki a taro tun shekarar yunwa, ko sallar Juma'a a sahun baya yake yi. Ya dubi ƙanensa, ya tashi ya shiga gida, ya fito da lauje. Gonarsa ce ta farko a bakin hanya, kuma babu gero mai kyan nasa a garin. Kowa na kallo ya shiga sara, ɗanyen gero yana zuba, ruwan madara na fita daga zangarniya. Matarsa ta ɗora hannu a ka. Da ya gama kunya ta farko, ya hau ɗakinsa ya kwance jinka, ya aza a amalanke, ya ɗora Inna a sama tana zaginsa, ya kama hanyar tudu.

Dariya ta tsaya. Manomi ya san abin da ake nufi da mutum ya sare geronsa ɗanye. Baba Jatau ya ce, "Wannan dai ba hoto ba ne." Ya je ya kwance kwale-kwalensa. Gida ya bi gida, awaki na kuka, yara ɗauke da kaji, har Tunga ta zama kango. Ba a daɗe ba ruwa ya iso da tsakar rana, ja wur, ya shafe gonaki, ya narkar da katangu, tsohon rumbu ya zauna a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ko ɗan akuya bai nutse ba. Wannan shi ne aikin Nomau: wanda ya taɓa jawo gari cikin masifa da bakinsa, ya sake sa wuyansa, ba tare da ya san ko ruwan zai zo ba.

To an tsira daga ruwa, an zauna a kan tudu, hanya ta yanke ta ko'ina. Abin da aka ɗauko ya fara ƙarewa. Yara suka fara irin kukan nan da duk wanda ya ga shekarar yunwa ya san shi. Maza suka yi jugum. Sai Lantana ta ɗaura ɗamara, ta kira mata, suka ɗauki fartanya suka nufi bayan duwatsu inda suke yin itace. Suka tona. Sai ga randuna a jere, bakinsu a liƙe da laka, cike da gero gauraye da toka don kada ƙwari su taɓa.

Ashe tun bayan rasuwar Ladiyo, duk gidan da Lantana ta shiga karɓar haihuwa sai ta ɗaure uwargida da alkawari: in maigida ya auno hatsin daka, a ɗebi cikin tafi ɗaya a ɓoye. In ya taru a kai tudu a ƙarƙashin itace, a fitar da tsoho a zuba sabo. Shekara da shekaru maza na cin tuwo suna ƙorafin mata sun rage hannu, ashe rumbu ake gina musu. Maigari ya dubi matarsa, matarsa ta dubi sama. Lantana ta raba aiki: nan a dafa, nan a tafasa ruwan sha, can nesa a haƙa masai. Har ruwa ya janye babu yaron da ya kwana da yunwa, babu wanda aka haƙa wa rami. Wannan shi ne aikin Lantana.

Cindo kuwa duk zaman nan a bayan jama'a yake, yana ɗiban ruwa, yana kauce wa hanyar yayarsa. Wata rana da hantsi ya ɗago kai ya gan ta tsaye a kansa da ƙwaryar kunun gero.

"Karɓi."

"Yaya Lantana, na ƙoshi."

"Ƙarya kake, Auta, wuyanka ya zama na zalɓe. Karɓi."

Ya karɓa. "Yaya, Ladiyo..."

"Kada ka kira sunanta. Kana tsammanin kai kaɗai ne? Ni da na yi guɗa fa, tana goye a bayana?" Ta juya fuska. "Sha, ka ba ni ƙwaryata."

Ya sha, kowace kurɓa kamar tsakuwa.

Da ƙasa ta bushe, gari ya yanke shawarar zama a kan tudu. Aka yi gayya aka gina sabon rumbu, aka sassaƙa sabon tsani daga itacen giginya. Saura gidan da zai kwana. Kowa ya yarda ba ya wuce ɗayan ukun nan. Maigari ya fara tambayar uwarsu. Inna Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni yara na haifa, ban haifi tsani ba. Ku kashe ku binne, ni daddawata ruwa ya tafi da ita."

Aka kira su. Suka zauna a tabarma ɗaya, kowa na kallon yatsun ƙafarsa, kowa na cewa a ba wani. Maigari ya ce tun da haka ne, tambaya ɗaya zai yi musu: in gobe gari ya sake samun mai kai irin na Cindo, rumbu cike, damina ta yi kyau, za ku jingina tsani a kwashe a tura shi?

Lantana ta riga kowa. "Ko ɗan cikina ne, ba zan jingina ba. Hatsi na baki ne. Mai son sama ya bari sai ƙasa ta ƙoshi."

Aka juyo kan Cindo. Yana jin idon yayarsa a gefen fuskarsa kamar garwashi. Ya so ya yi ƙarya ya huta, bakinsa ya ƙi. Da muryar da sai an kasa kunne ya ce, "Zan jingina. Allah ya yafe mini, zan jingina. In ana jiran kowa ya ƙoshi, ba ranar da za a tura kowa, ruwa kuma ba ya jira."

Nomau ya share fuska da hularsa. "Ranka ya daɗe, na jingina, aka binne yara. Kuma don na jingina ne yau ake da garin da zai tambaye ni. Wallahi ban sani ba. Sai ranar ta zo na duba sama, na duba tukwane."

Maigari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi tsani, tsani na kwance a tsakar fili, kaka kuma na matsowa.

To jama'a, ga ta a hannunku. Ba don Cindo ba, da ruwa ya same su a gida. Ba don Nomau ba, da babu wanda ya ɗaga ƙafa. Ba don Lantana ba, da tudun ya zama maƙabarta. Ɗaya zai buɗe rumbu don abin da ido bai gani ba tukuna, ɗaya ba za ta buɗe ba sai don bakin da ke gabanta, ɗaya kuma ya ce bai sani ba. Ku tuna geronku ne za a zuba a ciki, 'ya'yanku ne za su tsaya a gindinsa. A gidan wa tsanin nan ya cancanci ya kwana?