Hoton da Baba Ya Yi Dariya

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da 'yan gidansu ke kira Sarkin Sauri. Mutumin kirki ne, sai dai ko shayi a tsaye yake sha.

Bayan rasuwar mahaifinsu, mahaifiyarsa ta roƙe shi ya tattaro hotunan marigayin wuri guda, don jikoki su san fuskar kakansu. Abin da ke damunta shi ne duk hoton da ta gani, a ɗaure fuskarsa take, alhali a gida babu wanda ya kai shi barkwanci.

Hotunan a warwatse suke. Wasu na cikin tsohuwar kwamfutar falo, wasu na kwamfutar yayarsa da ke aure a wani gari, sauran kuma suna ma'ajiyar intanet.

Ya fara da ta falo. Da ƙyar ya kwashe hotunan zuwa tasa, yana gamawa kuwa tsohuwar kwamfutar ta ce ga garinku nan, ba ta sake kunnuwa ba. Ke nan abin da ya kwaso shi kaɗai ya rage.

Sai ya shiga kwamfutar yayarsa daga nesa, ya buɗe ma'ajiyar intanet, ya fara jawo komai zuwa wuri ɗaya. Nan take kwamfuta ta tsaya da tambaya: hotuna da yawa sunansu ɗaya da waɗanda ke ciki, domin kyamara lamba kawai take ba hoto. A goge na ciki a sa sababbin, ko a duba ɗaya bayan ɗaya?

Hannunsa har ƙaiƙayi yake. Dannawa ɗaya ta ishe shi ya koma shago, ga masu jiransa suna ta kira.

Ya waiga ya ga mahaifiyarsa ta gyara tabarau, ta jawo kujera kusa da shi.

"Ai duk abu ɗaya ne, Umma," in ji shi.

"To, kai ka san aikinka. Ni dai ban gaji da kallon babanku ba."

Sai ya janye hannunsa. Ya kashe wayarsa, ya zauna sosai, suka dinga buɗewa bibbiyu. Yawancinsu kuwa abu ɗaya ne, har ya fara hamma, tana masa tsiya wai yau ce ranar farko da ta ga kujera ta riƙe shi.

Can sai suka zo kan wasu biyu masu lamba ɗaya. Na wajen yayarsa hoton labule ne da aka ɗauka bisa kuskure. Na tsohuwar kwamfuta kuwa Baba ne rataye da jakar Umma a kafaɗa, yana kwaikwayon tafiyarta, yana dariya har haƙoransa duk a waje.

Da ya danna a goge na ciki, da labule ya maye gurbinsa har abada.

Umma ta yi dariya har ta share ƙwalla. Ta shafa gilashin kwamfutar da yatsa ta ce, "Yauwa. Wannan ne mijina. Shi za a nuna wa yara."

A wannan ranar, Sarkin Sauri a zaune ya sha shayinsa.

Darasi: Idan kwamfuta ta tambaye ku kafin ta goge abu, ku tsaya ku duba da idonku. Aikin da gaggawa ta ɓata a dannawa ɗaya, wani ba ya gyaruwa. Ku tura wa Sarkin Saurin gidanku wannan labari, kowane gida akwai nasa.