Turken Tabawa a Gindin Tsamiya

Dalilin da ya sa baƙuwar akuya ba ta shiga Tungar Gawo sai ta yi mako biyu a gindin tsamiya, yau zan faɗa muku shi, tunda jiya na kama ku kuna wasan tsalle a kan turakun nan. Wadda ta kafa na farko ba ta nan. Kakarku Tabawa ce, wata uku ke nan da muka binne ta. Ku zauna, ku rufe mini baki.

Da can ba haka ake yi ba. Mutum ya sayo dabba a kasuwa, sai ya ja ta har cikin gida ya haɗa da nasa. Kuma garin nan yana da wata al'ada: ba a mai da ajiya. Ko damin gero ne, ko jaki, in ɗan'uwa ya ce "riƙe mini", karɓa ake yi, ba tambaya.

Wata damina, lokacin da kowa ya ɗaure awakinsa a gida saboda shuka, Nomau, yayan mijin Tabawa, ya sayo wata akuya. Kwana huɗu sai majina ta toshe mata hanci, baki ya yi gyambo, ga zawo. Ta mutu, biyu suka bi ta. Nomau ya ce ƙasar garkensa ce ta ɓaci. Sai ya yi dabara, wai sauran goma sha ɗaya zai raba su gida-gida ajiya don su tsira. Kun ji fa! Kowa kuma ya karɓa, har da godiya.

Tabawa tana da jajayen awaki tara, duk jikokin ɗaya da mahaifiyarta ta ba ta. Tun tana yarinya ta ga irin ciwon nan ya share awakin garinsu. Tana cikin daka sai ta ji sallama a zaure, da wani ɗan tari a bayanta. Ta ajiye taɓarya ta fito, sai ga Nomau riƙe da igiyar akuya.

"Yaya, tsaya nan. Tari nake ji."

"Ni na yi tarin," in ji Nomau.

"To kai ka shigo, ita ta tsaya."

"Ajiya ce fa, Tabawa."

"Na karɓa. Zan ci da ita, zan ba ta ruwa, amma ba za ta haɗa numfashi da nawa ba."

Mijinta yana zaune a zauren, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Ke, yayana ne fa."

"Na sani, Malam. Akuyar ce ba yayarka ba."

Ta karɓi igiya, ta ja akuyar nan kowa yana kallo har gindin tsamiya a bayan gari, ta kafa turke ta ɗaure. Ta ware mata ƙwarya tata. Kullum in ta dawo daga can sai ta wanke hannu da ƙafa da toka, ta canja zane, kafin ta taɓa nata. Nomau ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba. Mata suka daina amsa mata gaisuwa a rijiya.

Ta tafi wurin Maigari ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, a aika a kira malamin dabbobi."

Maigari ya ce, "In ya zo, kafin la'asar kasuwanni uku sun ji, ba mai ƙara taya akuyarmu. Bari mu yi shawara ranar Juma'a."

Juma'a ta zo, aka yi ruwa. Ta biyu aka yi suna. Da aka samu aka zauna, sai aka wuni ana musu a kan keken wa za a hau. Ana nan ana musu, awaki suna faɗuwa gida-gida, ana jan mushen ana yar da shi a kwari, karnuka suna dawowa da shi cikin gari.

Ita kuwa akuyar tsamiya tun kwana na shida ta fara majina. Amma wata rana da hantsi mijin Tabawa, da gorin mutane ya ishe shi, ya lallaɓa zai kwance ta ya kai gida. Ya sa hannu a igiya ke nan sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, kwance ta. Amma in ka kwance, nan zan kafa maka naka turken."

Ya juya, ya ga fartanya a kafaɗarta, ya bar igiyar. Ba sai kun yi ta kallon juna ba, mijin nan ni ne.

Washegari akuyar ta mutu. Tabawa ta haƙa rami ta binne ta, ta ɗaura ɗamara ta tafi da ƙafa har inda malamin dabbobi yake. Ya zo ya yi wa masu sauran lafiya allura, ya sa aka binne mushe a rami mai zurfi, aka ƙone takin garkuna. Ya tara maza ya faɗa musu abin da mace ta yi mako uku tana faɗa, suna ta gyaɗa kai kamar ranar suka fara ji. Ba a tsira da awaki ashirin a garin nan ba, kuma tara na Tabawa ne.

Da kaka matan da suka daina gaishe ta suka fara zuwa neman irin akuya, Nomau yana can baya yana sosa ƙeya. Tabawa ta ce, "Zan bayar, amma da sharaɗi. Duk dabbar da za ta shigo garin nan, saye ce, kyauta ce, ajiya ce, sai ta yi mako biyu a tsamiya. Wanda tasa ta yi majina ya faɗa ran nan. A kira malamin ba sai Juma'a ba."

Nomau ya ce, "Har ragon Maigari?"

"Shi ne ma na farko."

Aka amsa a gaban Liman, kowace unguwa ta kafa turkenta kusa da nata.

Shi ya sa har yau baƙuwar dabba take kwana a tsamiya tana kuka, ba mai tausaya mata ya kwance. Da Tabawa ta rasu, Nomau, da yanzu sai da sanda yake tafiya, ya sayo rago don sadakar arba'in. Tun saura mako biyu ya kawo shi, ya wuce ƙofar gidana bai tsaya ba, ya je ya ɗaure shi a turkenta da hannunsa.

To ku bar mata turakunta a tsaye. Ku ɗaga hannu, da ku da duk wanda labarin nan ya isa gare shi: Allah ya jiƙan Tabawa, ya sanyaya makwancinta, ya tsare mana dabbobinmu daga annoba, mu kuma ya raba mu da taurin kai. Ku ce amin.