Kurmin da Rosaire Ya Tatse

Rosaire Veilleux maƙwabcina ne a yankin Beauce mai tsananin sanyi, kurminsa na itatuwan mapul masu ruwan zaƙi yana jingine da nawa. Mutum ne mai ƙwazo, ba zan rage masa wannan ba, amma bai san kalmar "ya isa" ba. Duk abin da ya ba shi ɗaya, sai ya matse shi ya ba da uku.

Kowa a nan ya san ƙa'ida. Idan sanyi ya fara sassautawa, sai a huda itace, a soka ɗan bututu, a rataya bokiti, ruwan zaƙi ya riƙa ɗiga, a dafa shi ya zama maɗi. Ƙaramin itace ba a taɓa shi. Babba huda ɗaya, sai wanda hannu biyu ba sa zagaye shi ake yi wa biyu. Kuma ba a huda kusa da tsohon rami, domin kowane rami yana barin mataccen wuri a ciki, wanda ruwa ba ya sake bi.

Shekarar da ya gaji kurmin, Rosaire ya rataya wa manyan itatuwa bokiti huɗu-huɗu, ƙananan ma bai ƙyale su ba. Don gudun sunkuyo, duk a daidai ƙirjinsa yake hudawa, bana kusa da na bara, har ramukan suka zagaye kowane itace kamar ɗamara.

Matarsa Ghislaine ta ce masa, "Rosaire, itace ne fa, ba famfo ba."

Ya ce, "Ke kika haife shi? Ya kawo miki ƙara ne?"

Ni ma na yi magana. Ya yi dariya ya ce, "Armand, je ka ci gaba da lallashin naka, ka yi musu waƙa ma. Ni aiki nake yi."

Shekaru suka wuce hayaƙin bukkarsa ta dafa maɗi bai yanke ba, mutane suna ta yabonsa. Sannan abubuwa suka fara bayyana. Ganyen kurminsa ya riƙa yin ja tun na kowa yana kore. Rassan sama suka tsaya tsirara. Maƙwaƙƙwafai suka tare a wurin, tun safe sai ƙwas-ƙwas kake ji, kuma tsuntsun nan ba ya ɓata bakinsa a lafiyayyen itace. Duk lokacin da na bi ta iyakarmu sai gabana ya faɗi.

Wata safiya, farkon lokacin huda, Ghislaine ta zo ƙofata ko safar hannu babu. Ta ce, "Zo ka gani, ni tsoro nake ji."

Na tarar da Rosaire riƙe da ƙarfen huda, fuskarsa ta canza. Lafiyayyen itace fararen ɓarɓashi yake fitarwa, masu danshi. Ya huda a gabana, sai ga gari baƙi-baƙi a bushe, ko ɗigo bai biyo baya ba. Ya matsa ga na gaba, haka. Na bayansa ma haka. Ya dube ni ya ce, "Sanyi ne bai sake su ba, ko? Armand, ce sanyi ne."

Sai iska ta taso, na ji wani nishi a samanmu da ban taɓa jin irinsa a kurmi ba. Matattun rassa suna gugar juna. Wani ya faɗo ya lotse bokiti a gefen ƙafata.

Ghislaine ta kama rigarsa. "Mu fita, don Allah mu fita."

Ba mu yi nisa ba babban itacen da ke bayan bukkar ya yi ƙara, ya karye daidai layin ramukan, ya rufta a kan rufin. Ƙasa ta girgiza. Da dusar ƙanƙarar da ta tashi daga ƙasa ta lafa, Rosaire ya koma ya tura hannu cikin kututturen, hannun ya shige har gwiwa. Ruɓa ce zalla.

Kafin sanyi ya dawo an sare kusan duka, don ba mai yarda ya shiga wurin idan ana iska. 'Yarsu Solange, wadda kurmin zai zama nata, ta dawo daga birni ta tsaya cikin kututtura, tana duban 'yan tsiron da ba su kai gwiwarta ba.

Ta ce, "Baba, yaushe za a huda waɗannan?"

Ya ce, "Shekara arba'in." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ba zan gani ba. Ke ma sai kin tsufa."

Darasin a fili yake. Abin da yake ba ka ba tare da ya yi ƙorafi ba, kada ka ɗauka ba ya jin ciwo. Ɓarnar haɗama a ɓoye take taruwa, ranar da za ka gan ta kuwa gyara ya riga ya wuce. Ka ɗebi daidai abin da zai warke, domin rabon na bayanka yana cikin abin da ka bari.