Furen da Aka Lulluɓe da Kaki

Akwai wata gwauruwa wadda ɗanta Ishaku yake aiki a wani birni mai nisa. Da Kirsimeti ta gabato bai sami zuwa gida ba, sai ya aiko mata da kan wani fure da ake kira amarilis. Kamarsa ɗaya da babbar albasa, sai dai an yanke masa saiwa, an lulluɓe shi da jan kaki irin na kyandir, yana ta sheƙi. Ya ce mata a waya, "Mama, ba ya son ruwa, ba ya son ƙasa. Ki ajiye shi kusa da taga kawai."

Bayan 'yan makonni ya fid da kara, ya buɗe manyan furanni jajaye. Duk baƙon da ya shigo, kafin ta ba shi ruwan sha sai ya ga furen tukuna.

Furannin suka yi kwanakinsu, suka zube. Ranta ya ɓaci, gama abin ɗanta ne, tana so ya sake yi mata baɗi. Sai ta kai shi wurin maƙwabcinta, wani tsoho mai lambu. Ya latsa shi, ya ce, "Maman Ishaku, abincin da ke cikinsa ya cinye ya yi miki furen nan. Ki ɓare kakin, ki dasa shi a ƙasa mai taki, ko ya yi saiwa."

Ta ce, "In ɓare? Haba Baba, ai kakin ne kyansa!"

Ta koma da abinta, kullum safe tana goge shi da tsumma. Da damina ta sauka ta ɗaga shi, ta ji shi sakayau. Ta matsa, kakin ya fashe. Ba komai a ciki sai busasshen ɓawo. Ta zauna ta yi ta kuka.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kan furen shi ne mai bi wanda ya daina addu'a da karatun Maganar Allah, yana cin abin da ya tara tun ajin baftisma. Yana iya yin fure shekara guda, har a yaba masa. Kakin kuwa shi ne kyan ganin da muke shigowa da shi sujada, don kada kowa ya san mun bushe. Na san ɓare shi da kunya, ni ma na sha ta. Amma wanda aka ce masa ya ɓare yau, da sauran rai a cikinsa ke nan. Kada ka kai damina.