Gafiyar Da Ba Ta Zubar Da Komai

An yi wata Gafiya a bakin gonar wani manomi da ake kira Malam Nomau. Duk yankin nan babu mai wa'azin tattali kamarta, kullum maganarta ɗaya ce: ita ba ta zubar da komai. Maƙwabtanta biyu ne. Akwai Bushiya mai sanyin hali, wadda ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfin gidanta. Akwai kuma Kurege, wanda in bai tsokani wani ba ran nan abinci ba ya yi masa daɗi.

Da kaka ta yi, Malam Nomau ya cire gyaɗarsa ya kwashe, su ukun suka shiga kala. Ba wasa ba ne, don abin da kowa ya samu a wannan mako shi zai kai shi har faɗuwar ruwa. In rani ya kankama ko ƙwaya ɗaya ba a tsinta a gonar.

Bushiya ta tara daidai nata da na 'ya'yanta ta koma gida. Kurege ya ɗebi nasa yana ta zuba surutu. Gafiya kuwa kwana bakwai ta yi tana jido. Ta cika ɗaki, ta cika rumbu, ta cika zaure. Da wuri ya ƙare sai ta dubi ƙofar baya, wadda kowace gafiya ke haƙawa saboda ranar gudu, ta ce ai wannan fili ne yake zaune a banza. Ita ma ta danƙare ta da gyaɗa.

To, ko yaro ya san ɗanyar gyaɗa sai an shanya ta. Bushiya ta baza tata a kan falalen dutse, tana juyawa, har sai da ta girgiza ta ji ƙwayar tana kaɗawa a cikin ɓawo. Waɗanda suka fashe ta fara ba yara. Ɓawon ta shimfiɗa musu a ɗaki saboda sanyi. Ɗan abin da ta ga ba za su iya cinyewa ba ta rarraba wa maƙwabta. Sannan ta leƙa gidan Gafiya.

"Yaya Gafiya, ga rana tana ta zuba a banza. Ki fito da gyaɗar nan ta sha iska mana, ni da yara ma taya ki juyawa."

"In shanya, don kowa ya zo ya ga abin da na mallaka?" in ji Gafiya. "Yau in baza, gobe a fara yi min sallama, Gwaggo a sam mana, Gwaggo a sam mana. Ke da kike rabon abinci kamar ranar suna, ke ce za ki koya min tattali?"

Kurege yana kan reshe yana jin su, ya ce, "Ƙyale ta, Bushiya. Tsoro take kada rana ma in ta hasko gyaɗar ta ce a sam mata."

Gafiya ta ce masa ɗan banza mara kunya, ta shige rami ta bar su tsaye.

Ba a yi mako uku ba danshin rami ya fara aikinsa. Gyaɗa ta soma fumfuna, wata ta yi baƙi, wata ta yi laushi. Gafiya ba ta damu ba, don tana da dabara. Kowace safiya sai ta bi tarin nan tana shinshinawa, ta tsamo waɗanda suka fara lalacewa ta cinye, ta bar masu kyau sai gaba.

Dabarar ba ta da laifi a gidan da aka ɗebo daidai ci. Amma a gidan Gafiya lalacewar ta fi bakinta sauri. In ta ci goma yau, kafin gobe ashirin sun bi sahu. Haka ta shafe wata biyu cur, rumbu cike har baki, ba ta taɓa sa gyaɗa mai kyau a bakinta ba. Kullum mai ɗaci, kullum ciwon ciki. Ta rame, gashinta ya fara zuba, amma wa'azi bai ragu ba ko kaɗan.

Wata rana Kurege ya same ta a ƙofar rami tana tauna, ta yamutse fuska kamar an ɗura mata maɗaci.

"Gwaggo, me kike ci haka?"

"Abin da irinku kuke zubarwa."

"To masu kyan fa?"

"Na ajiye."

"Sai yaushe?"

Gafiya ta kau da kai ta ci gaba da taunarta.

"Na gane," in ji Kurege. "Sai su ma sun ruɓe sun shiga layi. Gaskiya Gwaggo, tattalin nan naki sai mai ƙarfin hanji."

Ta wawuri ɓawo ta jefe shi, sannan ta tuna ɓawon ma abin ajiyewa ne, ta bi ta tsince kayanta.

Bushiya abin ya daina ba ta dariya, tausayi ya fara ba ta. Ta sake komawa ta roƙi Gafiya, ta ce tun da sauran masu kyau, ta fito da rabi ta ba waɗanda ba su samu kala ba, rabin a shanya, ko ba komai ta samu sararin numfashi a ɗaki. Gafiya ta ce kyauta ai zubarwa ce, sai dai ita ana yi mata godiya. Bushiya ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta kama hanyar gida.

Abin da Gafiya ta ɓoye wa ido, hanci ya tona. Warin ruɓaɓɓiyar gyaɗa ya cika bakin gonar, ƙudaje suka mai da ƙofarta kasuwa. Ran nan da hantsi Malam Nomau ya zo kwasar kara, karensa na biye da shi. Kare bai tsaya ko'ina ba sai bakin ramin, ya hau haushi yana tono. Malam Nomau ya tattaro yayi ya cusa, ya ƙyasta ashana, ya cire malafarsa yana fifita hayaƙi ciki.

Gafiya ta zabura ta nufi ƙofar baya. Ƙofa a toshe, kuma da hannunta ta toshe ta. Gyaɗar ta jiƙe ta curu wuri ɗaya, ta yi tauri. Ga hayaƙi, ga tari, ga kare a gaba. Ta shiga kiran maƙwabtan nan da ta kora.

Ƙofar bayan a gindin wata sabara ta ɓulla, nesa da idon Malam Nomau. Nan Bushiya da Kurege suka hau tono daga waje. Ko a wannan hali bakin Kurege bai mutu ba.

"Gwaggo, aikin nan fa sai an yi ta zubarwa. Kin yarda?"

"Ku zubar!" in ji Gafiya tana tari. "Don Allah ku zubar duka!"

Suka yi ta watso gyaɗa har hanya ta samu. An ce gafiya tsira da na bakinki, ita ma kafin ta fito sai da ta juya cikin hayaƙin ta cafko ƙwaya ɗaya. Suka ranta a na kare sai gidan Bushiya. Malam Nomau kuwa da ya fasa ramin, baƙin tarin gyaɗa ya tarar wanda ko akuyarsa ba za ta ci ba. Ya yi tsaki ya watsa shi a gona ya zama taki.

Da numfashi ya dawo, Gafiya ta fito da ƙwayar nan, duk abin da ya rage mata na kalar bana. Ta fasa, sai ga ta baƙa ƙirin. Hanci ya riga ya saba, ko a cikin hayaƙi ruɓaɓɓiya ya zaɓo mata.

Wannan karon ko Kurege bai yi dariya ba. Bushiya ta ɗebo busasshiyar gyaɗa a ƙwarya ta ajiye mata. Gafiya ta sa hannu tana jujjuyawa, tana shinshinawa.

"Yaya, me kike nema?"

"Wadda ta fara lalacewa."

"Babu ita a gidan nan. Ki ci kawai."

Ta ɗauki ɗaya ta tauna a hankali. Garɗi ya cika mata baki, sai hawaye ya zubo mata, don ta manta haka gyaɗa take.

Darasin wannan labari shi ne, tarawa daban, tattali daban. Wanda ya jibge abin da ba zai iya cinyewa ba ya riga ya zubar da shi, ko da bai kai shi bola ba. Ku ɗebi daidai buƙatarku, ku shanya na shanyawa, ku ci abinci tun yana da kyau, abin da ya ragu kuma ku miƙa wa maƙwabci kafin ya lalace.