Kambun Mai Awon Ƙasa

Akwai wani mutum mai awon ƙasa, dattijo ne kuma a ikilisiyarsa. Aikinsa shi ne nuna wa mutane inda za su haƙa rijiya. Yana da na'ura mai jin jan maganaɗisun duniya, wato ƙarfin nan da ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa. Jan nan kuwa ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Mafi girmansa daga can tsakiyar duniya yake fitowa. Wani ɗan kaɗan daga sama yake, yana hawa yana sauka da tafiyar rana, wani kuma daga duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafa. Mai awo yakan ware na farko, ya ware na biyu, abin da ya rage shi ne na dutse. Saboda haka dokar aikin ita ce, kafin mutum ya ɗauki na'ura, sai ya cire duk ƙarfen da ke jikinsa.

Wata shekara mutanen wani ƙauye suka kira shi, gama rijiyarsu ta ƙafe. A gabansu ya cire agogo da makulli da bel, ya zuba a ƙwarya, suka yi ta yaba tsantseninsa. Amma a cikin jakarsa akwai kambu na fata mai ɗan ƙarfe a ciki, wanda kakarsa ta ba shi maganin maciji. Ya sha tsawata wa matasa a kan irinsa, shi kuwa bai taɓa iya yar da nasa ba.

Ya auna fili lafiya lau. Da ya kai bakin wata duhuwa mai ciyawa har ƙirji, sai mai unguwa ya ce, "Malam, a yi hankali, kububuwa ta yi yawa a nan."

Sai ya koma wajen jakarsa kamar zai sha ruwa, ya zura kambun a damtse, ya ja hannun riga ya rufe. Ya ce a ransa, "Ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba, ina shi ina jan duniya?"

Shigarsa duhuwar ke da wuya, lambobin na'urar suka yi sama. Zuciyarsa ta so ta tuna masa da kambun, ya ƙi sauraro. Ya ce musu akwai baƙin dutse mai tare ruwa a ƙarƙashin wurin. Magidanta suka fasa tafiya cin rani, suka yi ta haƙa har damina ta kusa. Ba dutse, ba ruwa, sai busasshiyar ƙasa.

Sai aka kira abokin aikinsa ya sake aunawa. Mai awon farko ya zo shi ma, da kambunsa a damtse, gama har yanzu yana tsoron wurin. Abokin ya zaga ramin, na'ura ba ta nuna kome ba. Mai kambun ya matso ya leƙa, lambobi suka hau. Ya ja da baya, suka sauka.

Abokin ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, me ke jikinka?"

Ƙauyen duka na tsaye. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya naɗe hannun rigar, kowa ya gani.

Mai unguwa ya dubi ramin, ya dube shi, ya ce, "Malam, da ka ce mana kana tsoro, ai da mun share maka ciyawar tun ranar farko."

Ma'anar wannan misali ita ce, zuciyar mutum kamar na'urar nan take, abubuwa da yawa suna janta. Babban jan shi ne Maganar Allah, tana nan kullum. Amma ƙaramin zunubin da ka ɓoye ya fi kome kusa da kai, don haka shi zuciyarka take fara ji, har ka ɗauka muryar Ubangiji ce. Mu iyaye da malamai da dattawa, a kan maganarmu waɗansu suke haƙa. Mutumin nan ya guji kunyar cewa yana tsoro a gaban mai unguwa, ya sha wadda ta fi ta a gaban ƙauye duka, ƙishirwa kuwa ta faɗa wa waɗanda ba su yi laifin kome ba. Kafin ka nuna wa wani hanya, ɗan'uwa, naɗe hannun rigarka a gaban Allah, ka sa kambun a ƙwarya tare da agogon.